Tsutsa da tarin da ya ƙi jin magani a jikin awaki: tambayoyi da amsoshi ga masu kiwo a Sakkwato

Waɗannan tambayoyi ne da masu kiwon awaki suke yawan kawowa, musamman mata masu 'yan awaki a turke cikin gida, da masu sayen bunsuraye su yi kiwo kafin salla. Kusan dukkansu suna komawa wuri ɗaya: an ga akuya tana tari ko tana ramewa, an ruga kasuwa an sayo magani, an ɗura mata, ba a ga sauƙi ba. Na amsa su ne da fatan a riƙa duba akuyar da kyau kafin a fitar da kuɗi.

Malam, akuyata ta fi wata guda tana tari. Na ba ta maganin tsutsa har sau biyu, ba ta daina ba. Me ya rage?

Hajiya, abin da ya rage shi ne ki dakata da sayen magani tukuna. Tari alama ce, kuma abubuwan da ke kawo shi ga akuya suna da yawa. Akwai tsutsar huhu, gaskiya ne, amma a ƙasa mai bushewa irin tamu ba ita ce kan gaba ba. Akwai ƙurar hunturu, da ƙurar harawa ko dusar da ta yi fumfuna. Akwai zarnin fitsari a ɗakin da ba ya samun iska, da hayaƙin murhu idan turken yana kusa da madafa. Akwai ciwon huhu na ƙwayoyin cuta, da cutar PPR, wato annobar awaki da tumaki, da tsutsar hanci. Igiyar da ta matse wuya ma tana sa tari. Sannan akwai wanda ba a cika tunawa da shi ba: ɗurar maganin kanta, idan akuyar ta ƙware ruwan ya bi ta maƙogwaro ya sauka cikin huhu. Maganin tsutsa ba ya taɓa mafi yawan waɗannan, ko da za a ba ta kwalba guda.

To ta yaya zan gane wanne ne, tunda ni ba likita ba ce?

Akwai abubuwa uku da za ki iya dubawa da kanki.

Na farko zafin jiki. Ki sayi ma'aunin zafin jiki a kantin magani, ki keɓe shi don dabbobi kawai. Da sassafe, kafin rana ta yi zafi, wani ya riƙe miki akuyar, ki shafa wa bakin ma'aunin ɗan man gyaɗa, ki ɗaga wutsiya ki zura shi a hankali cikin dubura, ki jira minti ɗaya zuwa biyu. Akuya mai lafiya tana tsakanin digiri 38.5 da 40. Idan ya haura 40 da safe, tana cikin inuwa, to zazzaɓi ne. Na ce da safe ne domin a bazarar Sakkwato akuyar da ta wuni a rana jikinta zai yi zafi ko lafiyarta ƙalau.

Na biyu numfashi. Ki zauna nesa kaɗan lokacin da take kwance, ki dubi kwiɓinta, ki ƙirga sau nawa yake tashi a minti ɗaya. Babbar akuya ba ta cika wuce sau 30 ba idan tana hutawa. Wadda take tsaye ta miƙe wuya, ta ware ƙafafun gaba, tana nishi, ta ƙi kwanciya, ƙirjinta ne ke ciwo, kuma wannan ba ya jiran gobe.

Na uku cin abinci da tuƙa. Akuyar da ke tari amma tana cin abincinta, tana tuƙa, babu zazzaɓi, majinarta ruwa-ruwa ce, galibi ƙura ce ko tsutsa, akwai lokacin bincike. Wadda ta bar ci, majina ta yi kauri ta koma ruwan ɗorawa, kunnuwa suka faɗi, a nemi malamin dabbobi a ranar.

Da gaske ne tsutsa tana zama cikin huhu?

Da gaske ne. Akwai babba, farara sirara masu kama da zare, da ke zama cikin hanyoyin iska. Akuya tana tarin ƙwansu ta haɗiye, su ƙyanƙyashe, 'ya'yan su fita ta kashi, su hau ciyawa mai danshi, wata akuyar ta ci. Akwai kuma ƙanana da ke nutsewa cikin naman huhun, waɗanda sai sun bi ta jikin dodon koɗi kafin su kama akuya. Shi ya sa aka fi samun su ga awakin da ke kiwo a fadama da bakin gulbi, ba waɗanda ke ɗaure a gida suna cin busasshiyar harawa ba.

Tarin tsutsar huhu yakan daɗe, ya fi tashi idan akuyar ta yi gudu, kuma sau da yawa babu zazzaɓi. Ba a tabbatar da shi da ido. Ana ɗibar sabon kashi, a ƙulle a ƙyalle, a jiƙa cikin ruwa mai ɗumi ya kwana, 'ya'yan tsutsar su sauka ƙasa, a duba su da madubin likita. Irin wannan gwaji aikin asibitin dabbobi ne, kuma muna da Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a nan cikin gari. Babbar tsutsar tana jin magani da sauƙi. Ƙananan suna da taurin kai, sau da yawa sai an maimaita magani bisa tsarin da likita zai bayar. Kuma ko an kashe tsutsar, tarin yana iya ɗaukar 'yan makonni kafin huhun ya warware.

Tawa atishawa take yi, tana girgiza kai, tana goga hanci a ƙasa.

Wannan ya fi kama da tsutsar hanci. Wani ƙuda ne ke ajiye 'ya'yansa a bakin hancin dabba, su shige ciki su girma, daga baya ta yi atishawarsu su faɗo. Majinar takan yi kauri, wani lokaci da ɗigon jini. Maganin ivermectin yana kashe ta. Albendazole, farin maganin tsutsar ciki, ba ya yi mata komai.

Maƙwabcina ya yi asarar awaki da yawa cikin mako biyu. Suna tari, suna zawo, bakinsu ya yi gyambo. Mene ne wannan?

Alhaji, waɗannan alamomin PPR ne, kuma ita ce cutar da na fi jin tsoro a kan awakinmu. Tana farawa da zazzaɓi mai zafi, idanu su yi kwantsa har su manne, majina ta bushe ta toshe hanci, dasashi da leɓe su yi gyambo, baki ya yi wari. Bayan kwana biyu ko uku zawo ya biyo baya, sannan tari da wahalar numfashi. Daga kamuwa zuwa bayyanar alamu yawanci kwana 4 zuwa 6 ne, don haka akuya tana iya fitowa daga kasuwa lafiya lau a ido alhali tana ɗauke da ita. Idan ta shiga garken da ba a yi wa rigakafi ba, kafin a ankara ta kwashe mafi yawansa, musamman ƙanana.

An fara gano cutar a ƙasar Kwaddibuwa a 1942, kuma hukumomin duniya masu kula da noma da lafiyar dabbobi sun sa 2030 a matsayin shekarar da suke son kawar da ita. Ƙwayar bairos ce, babu allurar da ke kashe ta. Abin da likita zai yi wa wadda ta kamu shi ne maganin ciwon huhun da ke biyo baya, da ruwan gishiri da sukari saboda zawo, da wanke ido da hanci. Amma rigakafinta yana nan, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana yin sa, kuma allura ɗaya tana kare akuya aƙalla shekara 3. Abin da ke ci mini rai shi ne mutum zai kashe dubbai wajen allurai bayan cuta ta shigo, alhali da ɗan kaɗan daga cikin kuɗin ya yi wa garken duka rigakafi. Allurar tana son sanyi, kuma da zarar an haɗa ta sai a yi amfani da ita nan take, kwalba ɗaya kuma ta awaki masu yawa ce. Shi ya sa ya fi kyau 'yan unguwa su haɗa kai, su sa rana, su kira ma'aikacin dabbobi na ƙaramar hukuma. Ka yi nesa da awakinka daga na maƙwabcin, kada ku haɗa wurin shan ruwa, kuma ka ba shi shawara ya kai rahoto.

In ciwon huhu ne, allurar LA ta isa?

Tana yin aiki sau da yawa idan an kama ciwon da wuri. Oxytetracycline mai dogon aiki, wadda ake kira LA, da tylosin su ne aka fi amfani da su. Inda ake samun matsala shi ne a yi allura ɗaya, akuya ta ɗan farfaɗo ta fara ci, a ce ta warke. Ciwon sai ya lafa ya zauna, ya zama tarin wata da watanni. A cika kwanakin da likita ya faɗa. Akwai kuma ciwon huhu mai yaɗuwa na awaki kaɗai, wanda ke tara ruwa a ƙirji. In ka ga awaki da yawa sun kamu lokaci guda, tumakin da ke tare da su kuwa lafiya lau, a ware marasa lafiyar nan da nan.

Ita tsutsar ciki fa, yaya ake gane ta yi yawa? Ban taɓa ganin komai a kashinsu ba.

Inna, wadda ke kashe awaki ba a ganin ta a kashi. Farin abin nan mai faɗi da ake gani wani lokaci wata tsutsa ce daban, kuma ɓarnarta kaɗan ce. Mai kisan tana manne a bangon ciki tana shan jini, macenta guda tana iya zuba ƙwai dubbai a rana. Da damina ta sauka ƙwan su ƙyanƙyashe, 'ya'yan su hau ciyawa, akuya ta ci, cikin kamar mako 3 su ma su fara nasu ƙwan. Daga Yuli zuwa Oktoba ne abin ya fi tsanani.

Ido ne zai gaya miki. Ki fito da akuyar fili inda akwai haske. Ki sa babban yatsa ki ɗan danna fatar idon ta sama, da ɗayan yatsan ki ja ta ƙasa, jan naman ciki zai turo waje. Ki dube shi nan take, kada ki daɗe, domin in an daɗe ana riƙe da shi yakan ƙara ja ya ruɗe ki. In ja ne sosai, jininta ya isa, ba ta buƙatar magani. In ya koɗe, a ba ta. In ya yi fari fat, tana bakin mutuwa, a ba ta magani a ranar, a daina kai ta kiwo mai nisa, a ƙara mata abinci mai kyau. Wannan dabara daga Afirka ta Kudu ta fito, suna da kati mai launi biyar da ake gwadawa da shi, sunansa FAMACHA. Ko babu katin, mai duba awakinta duk mako biyu a damina idonta zai saba. Sauran alamun su ne kumburi mai taushi a ƙarƙashin haɓa, gashi ya tashi ya dushe, da zama a bayan garke.

Nawa zan ba ta? Mai magani ya ce rabin ƙwaya.

Mai magani bai ga akuyarki ba. Da nauyi ake ba da magani. Babbar jar akuya takan kai kilo 20 zuwa 30, ƙaramin ɗanta kuwa wataƙila bai kai 10 ba, ba za a yi musu awo ɗaya ba. In akwai sikelin rataye, a sa ta cikin buhun da aka huda wa ƙafafu a ɗaga. In sikelin tsayawa ne, yaro ya hau da ita a hannu, ya sake hawa shi kaɗai, a cire.

Ga wani abu da ba kowa ya sani ba: jikin akuya yana narkar da maganin tsutsa da sauri fiye da na tunkiya, kuma yawancin kwalabe awon tumaki ne a jikinsu. Don haka likitoci kan ba akuya kusan ninki biyu na awon tunkiya a farin magani irin albendazole. Levamisole kuwa ba a ninka shi biyu, ɗaya da rabi ne iyaka, domin tazarar da ke tsakanin magani da guba a cikinsa kaɗan ce. In ya yi yawa za ki ga dalala da makyarkyata. Wannan lissafi a bar wa malamin dabbobi ya yi miki sau ɗaya, ki rubuta ki ajiye.

Wajen ɗurawa, a girgiza kwalbar, a ja da sirinji marar allura. A riƙe haɓar akuyar daidai, kada a ɗaga kan sama. A shigar da sirinjin ta gefen baki zuwa bayan harshe, a matsa sannu-sannu tana haɗiyewa. In ta fara tari ko kuka, a tsaya. Kwalbar lemo da ake kafa wa akuya a baki a ɗaga kanta sama ta jawo ciwon huhu da yawa.

Ba gara in riƙa ba su duka kowane wata ba, in huta?

A'a. Duk lokacin da aka ba da magani, akwai 'yan tsutsotsin da ba su mutu ba. In ana ba kowa kullum, su kaɗai za su rage su hayayyafa, wata rana a wayi gari maganin ya zama ruwa. Haka ma idan awon ya gaza. Gara a ba waɗanda idonsu ya koɗe, da ƙanana, da masu sabuwar haihuwa, a ƙyale masu ƙarfi. Lokutan da suka fi muhimmanci su ne 'yan makonni bayan saukar damina, da tsakiyarta, da ƙarshenta, domin tsutsar tana iya laɓewa cikin dabba duk rani ta jira ruwa.

Sauran aikin ba na magani ba ne. A share kashi kullum a kai bola ko gona. A rataye ciyawa da harawa, kada a zuba a ƙasa suna takawa. A jira raɓa ta bushe kafin a sake su, domin 'ya'yan tsutsar suna kan ciyawa ta ƙasa-ƙasa mai danshi. Akuya da ma ta fi son miƙa wuya ta ci ganyen sama, a bar ta da halinta.

Na bi duk wannan, amma har yanzu tana ramewa.

To a kai kashinta gwaji kwana 10 zuwa 14 bayan magani, a ga ko ƙwan sun ragu. In ba su ragu ba, ko tsutsar ta saba da maganin, ko maganin ne ba shi da kyau. Kwalbar da ta wuni a rana kan tabarma ranar kasuwa ba abin dogaro ba ce. A duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewa. In kuwa babu ƙwai, a duba haƙora, sannan a yi tunanin leda. Awakin cikin gari da ke yawo a bola suna cin leda, ta taru ta dunƙule a tumbi. Za ka ga ciki ƙato, ƙashin baya a fili, ba ta ci sosai. Mahauta sun san wannan sarai. Babu maganin ɗurawa da ke narkar da leda, sai tiyata ko yanka.

Awakina suna kiwo a fadamar Rima. Akwai abin da ya shafe ni daban?

Akwai tsutsar hanta. Tana bi ta jikin dodon koɗin ruwa, don haka duk mai kiwo ko mai yankan ɗanyar ciyawa a bakin gulbin Rima, ko wajen Wurno, Goronyo da tafkin Kware, ya sa ta a lissafi. Alamunta suna kama da na tsutsar ciki: rama, koɗewar ido, kumburin haɓa. Ivermectin shi kaɗai ba ya kashe ta. Albendazole yana kama manya ne kawai. Triclabendazole ne ke kashe manya da ƙanana.

'Ya'yan awakina suna baƙin zawo, maganin tsutsa bai tsayar ba.

Ga 'yan wata ɗaya zuwa huɗu, sau da yawa ba tsutsa ba ce, wata ƙwayar cuta ce ta hanji da ke yaɗuwa a makwanci mai danshi da cunkoso. Maganinta daban ne, irin su amprolium da magungunan sulfa. A busar da wurin, a ɗaga kwanon ruwa yadda kashi ba zai faɗa ba.

Mai ciki fa? Da nono da nama bayan magani?

Kada a ba da albendazole a farkon ciki, wajen kwana 45 na farko, yana iya taɓa ɗan. In ba ki da tabbacin ko ta ɗauka, ki faɗa wa likita ya zaɓi wani. Kowane magani kuma yana da kwanakin jira kafin a sha nono ko a yanka, suna rubuce a jikin kwalba, kuma in an ƙara awo sai a ƙara kwanakin. Masu kiwon salla su lura da kyau: wanda ya yi wa bunsuru allura yau ya kai shi kasuwa gobe ya ɗauki hakkin masu ci.

Kaska, ƙuma, kwarkwata da ƙazuwa, me ya fi dacewa da su?

Fatar jar akuyar Sakkwato ta yi suna tun zamanin da fatake ke ratsa Hamada da ita zuwa Maroko, daga can ta wuce Turai. Ƙazuwa da cizon kaska ne ke ɓata ta, majema su ƙi saye da daraja. Bayan haka kwarkwata da ƙuma suna shan jinin ƙanana har su kashe su. Allurar ivermectin a ƙarƙashin fata tana maganin ƙazuwa da kwarkwata mai shan jini, amma sai an maimaita bayan kwana 10 zuwa 14, domin ba ta kashe ƙwai. Kaska da ƙuma suna son maganin wanka ko feshi na dabbobi, irin cypermethrin, a gauraya daidai yadda aka rubuta. Ƙuma a ƙasa take hayayyafa, sai an share makwancin an fesa shi ma. Ina roƙo da babbar murya: kada a shafa wa akuya fiya-fiya, ko maganin feshin wake, ko baƙin mai. Suna ratsa fata, suna kashe akuya, suna kuma cutar da yaron da ya riƙe ta.

Iyayenmu da ɓawon maɗaci da bagaruwa suka yi kiwo. Mu bar su ke nan?

Ban ce a bar su ba. Itatuwa masu baurin nan irin bagaruwa suna rage ƙarfin tsutsar ciki, kuma 'ya'yan gawo abinci ne mai gina jiki a rani, akuya mai ƙoshi kuwa ta fi jure tsutsa. Matsalarsu ita ce babu awo, jiƙon yau ba ƙarfinsa ɗaya da na gobe ba. A yi amfani da su wajen taimako. Amma akuyar da idonta ya yi fari, ko mai zazzaɓi da nishi, ba ta da lokacin jiran jiƙo.

Na sayo sabuwar akuya a kasuwar Achida. In haɗa ta da sauran?

Kada ka haɗa. Ko daga Achida, ko Illela, ko Kara a nan cikin gari, dabbobi daga wurare da yawa ne suka cakuɗu, wasu ma daga ƙetaren iyaka. Ka ɗaure ta daban na mako 3, da kwanonta na ruwa da na abinci. Ka ba ta maganin tsutsa, ka duba jikinta ko akwai kaska, a yi mata rigakafin PPR in lafiyarta ƙalau. Kullum ka fara ba tsofaffin awakinka abinci, ita a ƙarshe.

An yi komai, babu tsutsa, babu zazzaɓi, amma tarin yana nan. In ci gaba da magani?

Wani huhun ya riga ya yi tabo daga tsohon ciwo, ba zai koma kamar da ba. In akuyar tana ci, tana riƙe da jikinta, tana haihuwa, a bar ta, a kiyaye ta daga ƙura, a yayyafa wa dusa da harawa ɗan ruwa kafin a ba ta, a kare mata iskar hunturu da zana ba tare da an toshe ɗakin ba. In kuwa tana tari tana ƙara lalacewa, a shafa ƙarƙashin kunne da haɓa da gaban kafaɗa ko akwai ƙullutu. Akwai cutar da ke sa ƙurji mai mugunya mai kauri a waɗannan wurare, kuma tana iya yin irinsa a cikin huhu. Allura ba ta cika kai wa gare shi ba, kuma in ƙurjin ya fashe yana kama sauran. Irin wannan akuya a ware ta, a daina zuba kuɗi a kanta. In an yanke shawarar yankawa, a jira kwanakin magani su cika, a sa ma'aikacin dabbobi ya duba huhu da hanta, duk abin da ya ce a zubar a binne shi da zurfi inda karnuka ba za su tono ba.